Sunan da Na Goge a Jos

Tun da na dawo daga Jos ba a bar ni na sarara ba. A majalisa tambaya, a masallaci tambaya, har matar wana sai da ta bugo waya tana son jin wai da gaske ne can ana saka rigar sanyi a tsakiyar damina. Kowa amsa ɗaya nake ba shi: akwai sanyi, akwai dankali, aiki ya yi kyau. To na gaji da wannan amsar, don ba ita ce gaskiyar tafiyar ba. Bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta.

Ga wanda bai san sana'ata ba, shafukan intanet nake ginawa. Wata jami'a ce mai rassa uku, ba zan kama sunanta ba, ta nemi a sake mata shafi. Kowane reshe yana da nasa tsohon shafin da tasa kalar, ɗaya ma har lokacin hoton shugaban da ya sauka tuntuni ne a gabansa. Aikina in haɗe su wuri guda, in share tarkace, cikin mako biyu. Na ce musu ai kwana goma ma ya yi yawa. Ku riƙe wannan cika bakin, za mu dawo kansa.

Ranar Lahadi da hantsi na shiga mota a Unguwa Uku. Aka matse ni tsakanin wata mata mai buhun kuka da wani dillalin shanu da bai rufe baki ba tun daga tasha har Tudun Wada. Ya san kowane rami a hanyar, ya san direban da ya taɓa faɗawa cikinsa. Amma muna shiga dajin Falgore sai ya yi gum. Direba ya kashe rediyo, matar ta ciro carbi, babu wanda ya ce a yi hakan. Haka muka tafi shiru har muka fito, sannan dillalin ya ɗora maganarsa daga daidai inda ya ajiye ta, kamar ba a yi komai ba. A Saminaka muka ci gasasshiyar masara muka yi salla.

A shingen shiga Filato wani soja ya ce in buɗe jakata. Ya ga kwamfuta, ya ce in kunna. Ashe caji ya ƙare tun a hanya. Na yi bayani, ya saurara da kyau, ya ce in kunna. Ƙarshe sai da aka jona ta a rumfarsu, fasinjoji na harara ta, muka tsaya har ta farfaɗo. Da ta kawo haske ko kallonta bai yi ba, ya ce mu tafi. Daga Jengre mota ta fara hawa, iska ta canza, na lalubo rigar sanyin da na yi wa uwargida dariya lokacin da take cusa min ita.

Wancan shingen dai ana ganinsa. Waɗanda ba a gani su ne na cikin gari. Na hau keke mai ƙafa uku zan tafi masauki, muka kai wata mararraba, mai keken ya tsaya ya ce nan iyakarsa, in tsallaka titi in hau wani. Na duba, babu katanga, babu sanda, titi ne kawai da masu sayar da kabeji a gefe biyu. Na tambaye shi dalili, ya ce, “Oga, haka muke yi.”

A Rikkos na sauka, gidan Kawu Ilu tela, kawun abokina Sadiƙu. Kakansa ne ya zo haƙar kuza daga ƙasar Kazaure, ya ce zai yi rani ɗaya, ga jikoki har sun yi furfura. Kawu ya ba ni ɗaki da bargo uku. Na ce ɗaya ya isa, ya yi murmushi ya bar su. Da asuba na gane murmushin, don sai da aka ɗumama min ruwan alwala kamar mai jego. Matarsa ta ɗora ni a kan gwate, faten acca ne da ganye, mai ɗan tsami. Rana ta farko na ci don kunya, ta uku ni nake neman ƙari. Su kuma dankalin turawa a wurinsu ba abincin baƙo ba ne kamar a Kano, a faranti ake tula shi a ci da yaji a tashi.

Ranar Litinin na fara aiki. Aka haɗa ni da Madam Kangyang, sakatariyar sashen kwamfuta, mace mai jiki da tabarau a kan hanci, wadda ta girmi kowane tebur a ofishin. Tun ranar ta raɗa min Oga Kano. Hausarta irin ta garin ce, mace da namiji duk “ya” ne, sai da na kwana biyu kafin in daina tambayar wa ake nufi. Al'adarsu ta farko da ta ba ni haushi ita ce gaisuwa. Kafin a kunna kwamfuta sai an bi ofis-ofis an gaisa, an tambayi gida, an tambayi sanyi. Ni da na saba in zauna in fara bugawa, sai na ga ana ɓata min safiya.

A ranar Madam ta miƙo min jerin sunayen ma'aikata daga ofishin rajista, ta ɗora yatsa a kai ta ce, “Oga Kano, komai ka taɓa, ba wahala. Amma sunan mutane, kar ka taɓa sai ina nan.” Na ce to. Irin “to” ɗin nan tamu ce ta Kano, wadda ake faɗa hankali na wani wuri.

Ranar Laraba aka kwantar da mahaifiyarta a asibiti, ba ta zo ba, aka ce sai Litinin. Ni kuwa na gama da hotuna da sanarwowi, saura sunaye, ga bakin da na cika. Na ce aikin me zai jira mutum kwana biyar? Tsarin mai sauƙi ne. Kowane malami yana da ɗan shafinsa da kalmar sirrinsa, shi yake gyara abinsa. Wanda sunansa ke cikin jerin rajista in ɗauke shi zuwa sabon shafi, wanda babu in goge. Na goge na masu ritaya, na goge na waɗanda suka canza wurin aiki, hannuna har ya saba.

Sai na zo kan wani Dakta Buba na sashen kiwon dabbobi. Babu shi a jeri. Amma shafin yana da wani littafi a ɓoye da yake rubuta duk wanda ya shiga da lokacin shigarsa, kuma littafin ya nuna an shiga da sunansa shekaranjiya Litinin, ƙarfe takwas da minti biyar na safe. Na ja baya, Litinin ɗin da ta wuce ma haka. Na ja, na ja, har na gaji da ja, kowace Litinin a wannan lokacin. Ba a canza komai, a shiga, a danna ajiye, a fita. A hoton siririn mutum ne da farar hula, ba ya kallon mai ɗauka, ya ɗan waiwaya gefe kamar an kira shi. A ƙasa an rubuta lokacin ganin ɗalibai, sai layi ɗaya: “In ba ku same ni ba na je ruga, zan dawo.”

Don Allah ku shaida, ban goge kai tsaye ba. Na tashi na nemi ofishinsa. Ranar gajimare ya sauko har ƙasa, irin wanda ba mu da shi a gida, kana jin takun mutum kafin ka gan shi. Ofishin na ƙarshen wani dogon baranda. Kwaɗon ƙofar ya yi tsatsa har ya zubo ja a jikin katako, amma allon sunan yana ƙyalli, an goge shi kwanan nan. Na leƙa ta taga, ga takalmin roba a jingine, ga kofi a kife, ga kalandar da rana ta cinye ba a ganin lambobinta. Ina tsaye wata dattijuwa mai shara ta zo wucewa, ta ɗan rusuna wa ƙofar ta ce, “Dakta, ina kwana,” ta ci gaba da tafiya. Na bi ta na tambaye ta ina mai ofishin. Ta ce ya fita. Na ce yaushe zai dawo? Ta kalle ni, ta kalli tsintsiyarta, ta shige cikin hazon.

Na tsorata, ba zan ɓoye ba. Amma kafin in kai teburina na lallashi kaina da wayo. Na ce irin malaman nan ne da suke tsallakawa waje su bar suna a gida. Na goge shafin, na goge sunan shigarsa, na ajiye kwafi a filashina, 'yar ma'ajiyar bayanai ta aljihu, kamar yadda na saba, na tafi cin abinci.

Alhamis da Juma'a suka wuce lafiya. Kawu Ilu ya kai ni Abattoir, wato mayanka, muka ci balangu mai zafi a tsaye, mahautan na tsokanata wai Bakano bai san nama ba sai romo. A Tina Junction ƙanƙara ta kama mu, muka fake a rumfar wata mai tuffa, na ga yadda mutanen garin ba su ko daina ciniki ba.

Ranar Asabar da safe Kawu ya buga min ƙofa, ya ce an yi rasuwa a layin baya, in zo mu samu lada. Na yi alwala na bi shi. Jama'a sun cika fili, Fulani da sandunansu, mahauta, teloli, har wasu da na gane ba Musulmi ba ne sun tsaya daga gefe sun cire huluna. Aka ja sahu. Na ɗaga kai in ga makara, babu. Gaban liman ƙasa ce kawai, jiƙaƙƙiya, da sawun akuya. Ya yi kabbara muka bi. Ban taɓa sallatar wuri babu kowa ba, kuma duk kabbarorin nan huɗu idona na kan wannan ƙasar.

Da aka sallame na raɗa wa Kawu, ina gawar? Ya ce babu gawa, shekara tara ke nan ana nema. Likitan dabbobi ne, ɗan Baffa Jauro dillalin shanu. Wata safiya lokacin wani rikici aka kira shi ruga, saniya ta kasa haihuwa, ya hau babur ya tafi. An ga babur ɗin, shi ba a gan shi ba. Mahaifinsa ya rantse ba za a yi masa salla ba muddin makaranta ba ta cire sunansa ba, a cewarsa hukuma ta fi shi kunne, in ta bar sunan to ta san wani abu. Duk Juma'a bayan masallaci surukarsa takan buɗe masa shafin a waya, ya kalli hoton, ya tashi. Jiya aka buɗe, babu.

Na ce, “Kawu, yaya sunansa?” Na riga na sani, bakina ne kawai ya tambaya.

A bayan wata katanga na gaya masa abin da na yi. Na ce kwafin na aljihuna, minti biyar ya isa in mayar. Kawu ya daɗe yana murza hularsa. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce wannan ba maganar da za a kai wa tsoho a tsakiyar mutane ba ce, mu fara jin ta bakin matar.

Muka ratsa masu zaman makoki. Baffa Jauro na zaune kan buzu, dogo, ya rame, idonsa a bushe. Na durƙusa na yi masa gaisuwa, ya riƙe hannuna da hannu biyu. Wani ya ce masa wannan baƙon a makarantar yake aiki. Ya ce, “Ɗana, ka gaya musu na gode. Sun riƙe shi iya riƙo.” Na ce za su ji.

A zaure na biyu aka kira Malama Maryama, matar Dakta, malamar firamare ce. Ta tsaya bayan ƙofa, gefen hijabinta kawai nake gani. Na faɗi komai, cewa babu wani labari da makaranta ta samu, ni ne baƙo mai gaggawa, kuma yau ɗin nan zan mayar in ta ce in mayar.

Sannan ta ce, “Malam, makaranta tana jiran takarda daga gidan nan kafin ta cire. Gidan nan yana jiran makaranta ta cire kafin ya rubuta. Shekara tara ni ba matar aure ba, ba mai takaba ba. 'Yata da ya bari a goye yanzu ita take wanke min kwanuka. Jiya Baffa ya yi kuka, karo na farko. Don girman Allah kar ka mayar.”

Na ce ba zan mayar ba. Har na juya ta ƙara da cewa in yi wa Madam godiya, ta san ita ce take shiga duk Litinin tana taɓa shafin don tsoho ya ga kwanan wata sabo. Na ce zan gaya mata, kuma gaskiya hankalina ya ɗan kwanta, don na samu mai shigar.

Ranar Litinin Madam ta riga ni zuwa, labari ya riga ya kai mata. Ba ta gaishe ni ba, a wurinsu kuwa wannan ya fi zagi. Ta ce a nan ba a cire sunan mutum sai an ga takarda ko an ga kabari, kowa ya san haka, shi ya sa babu wanda ya rubuta dokar. Na sunkuyar da kai na sha faɗa. Da ta lafa sai na isar da saƙon Malama, na ce tana godiya da shigar da take yi duk Litinin.

Madam ta cire tabarau. Ta ce, “Ni? Ba matan shi ne yana yi ba?”

Ta ce ita ba ta taɓa sanin kalmar sirrinsa ba, babu wanda ya sani a ofishin, tsohon shafin ba ya nuna wa kowa. Duk shekarun nan ta ɗauka Malama ce, shi ya sa ba ta taɓa tambaya ba, don kar ta fama mata ciwo. Na buɗe littafin shige da fice in nuna mata. Agogon bango ya ce takwas da minti uku. Muka zauna, hannuna a cinya, nata a ƙirji, babu mai taɓa komai. Takwas da minti biyar sabon layi ya fito da kansa. Sunan Dakta Buba, an gwada shiga, an ƙi. Bayan ɗan lokaci wani layin, an sake gwadawa. Sai na uku. Daga nan shiru.

Madam ta yi alamar gicciye, ni na karanta abin da ya zo bakina. Na bincika inda aka shigo, layin wayar hannu ne, irin wanda ba ya nuna gari. Zai iya zama ɗalibin da ya taɓa ganin kalmar, zai iya zama wata na'ura da aka saita aka manta. Duk na lissafa wa Madam waɗannan, ta saurara, ta ce na'ura ba ya gwada sau uku ya haƙura.

Tsoro ya kama ni, amma abin da ya fi tsoron nauyi shi ne wannan: idan mutumin yana raye a wani wuri, wannan ce ƙofa ɗaya da yake taɓawa, ni kuma na toshe ta, na bi sahu na sallace shi. Idan kuma na je na gaya wa Malama, na mayar da ita cikin shekara tara ɗin da ta roƙe ni in fitar da ita, a kan layi uku da ban san mai su ba. Kwana biyu ina juya abin, gwaten ma ya daina shiga.

Ga abin da na yi, ku yanke min hukunci yadda kuka ga dama. Ban mayar da shafin ba, ban gaya mata ba. A sabon shafin na saka wani saƙo da babu mai ganinsa sai wanda ya rubuta wannan sunan a wurin shiga. Madam na tsaye a kaina na rubuta: “Dakta, an yi maka salla ranar Asabar. Baffa na nan da rai, 'yarka ta girma. In kai ne, ka je gida.”

Ranar Juma'a aka buɗe sabon shafi, aka yi jawabai, aka tafa, aka ba ni kwandon dankali da karas. Kwana goma sha biyu aikin ya ci, ba goma ba. Madam ta raka ni har bakin titi, ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ta ce in gaida Kano. A hanyar dawowa ban san lokacin da muka wuce Falgore ba.

Litinin ta farko a gida na buɗe littafin tun takwas saura. Da minti biyar layin ya fito. Sau ɗaya kawai aka gwada, ba a sake ba. Ke nan an ga saƙon. Litinin ta gaba na zauna har tara, babu kowa. Ta gaba ma haka, har yau.

Duk mako nakan kira Kawu Ilu, mu gaisa, in tambayi sanyi, in tambayi gida, irin gaisuwar da na raina. A ƙarshe in ce ko an yi baƙo a layin baya. Jiya ma na tambaya. Ya ce babu baƙo, Baffa ya koma zuwa kara wurin cinikin shanu, Malama kuma takabarta saura kwana goma sha ɗaya.

Filashin yana cikin durowata. Ban san ko gida na kira shi ba, ko kuwa ni ne na gaya masa ya mutu, ya yarda. Shi ya sa in kun kira ni ranar Litinin da ƙarfe takwas ba na ɗauka.